Takarda Marar Suna

Dare ya raba a Valparaíso.
Ga jan biro, ga shayin da ya huce,
ga takardun jarrabawa talatin da ɗaya,
jiragen ruwa na ta nishi can ƙasa a tasha.

Ta goma sha bakwai ba ta da suna.
Ba sai an faɗa mini ba.
Na san wannan bakwai ɗin mai kama da ƙugiya,
na san rubutun da ke fara tafiya bisa layi
sannan ya gangare kamar unguwarmu zuwa teku.
Amaranta Quilodrán ce.

Tambaya ta ɗaya, fayau.
Ta biyu, rabin amsa, an bar ta tsaye da ƙafa ɗaya.
Ta uku da ta huɗu ko ɗigo babu,
sai zanen tsuntsun teku ya sure kifi,
har da inuwarsa a kan ruwa.
Sai ta ƙarshe,
wadda na ɗana don in ga iyakar gwanayen ajin,
wadda ni kaina sai da ta kwana biyu a hannuna:
layi biyar ta yi mata.
Hanyar ba ta cikin littafi.
Ban koyar da ita ba, don ban san ta ba.

Biyu da rabi cikin bakwai.
Huɗu ake nema.

Shekara uku ina aika wa uwarta magana ɗaya:
“Akwai kai, babu himma.”
Doña Eliana, mai suyar kifi a bakin kasuwa,
takan goge hannu a riga kafin ta karɓa,
ta ce, “Malam, har ƙarfe ɗaya fitilarta ba ta mutuwa.”
Ni kuwa in ce a raina: waya take latsawa.

Ran Laraba jakarta ta yage a matakalar makaranta.
Na duƙa ina taya ta tsinta.
Aikin gida na Afrilu. Na Mayu. Na Yuni.
Ɗaya ya manne da ɓawon lemo.
Duk an yi su tsaf,
ba wanda ya taɓa ganin teburina.

Na ce, “Don me?”
Ta ce, “Kullum da niyyar miƙawa nake fitowa.
Kaina kasuwa ce da ba ta tashi, Malam.
Kana ciki, ina jin ka,
amma agogon bango ma yana talla,
da takalmin Fermín mai ƙara,
da karen da ke haushi a tudun can,
kuma muryarka ba ta fi tasu ba.
In abu ya kama ni, sai dai in ga gari ya waye ban ci ba.
In bai kama ni ba,
ko igiya na ɗaure kaina da kujera,
ɗibar ruwa ce da kwando.”

Bana likita ya raɗa wa abin suna,
haruffa huɗu, ADHD,
bayan mun riga shi da namu sunayen:
malalaciya, shashasha, mai kunnen ƙashi.
Kaifinta ne ya ɓoye ta.
Wa ke leƙa gwanin iyo
ya ga ko nutsewa yake?

Dokar makaranta a fili take:
takarda marar suna, sifili.
Na karanta dokar sau biyu.
Na tashi na zubar da shayin.
Na dawo, tana nan, tsuntsun bai saki kifinsa ba.

Na ajiye jan biro, na ɗauki shuɗi.
Na rubuta sunanta a sama, a hankali, harafi harafi,
kamar mai biyan tsohon bashi da ƙananan kuɗi.
A ƙasa na ƙara:
“Zo ki koya mini ta ƙarshe. Litinin, ƙarfe goma.”

Za ta manta, na sani.
Zan tsaya a bakin ƙofa.