Mai Manjagara

Yamma ta yi, taron Lahadi ya watse,
masu shayi sun kife kofuna,
masu caca na ƙirga jikkunan da suka tashi.
Ni yanzu nawa aikin ya fara:
manjagara a kafaɗa, in shiga fili
in karanta abin da kofato ya rubuta a yashi.

Wannan sawun mai zurfi na Miko ne.
Ba shi da haƙuri, tun yana goye aka san shi.
Tuta na sauka ya saki linzami,
ya miƙe kan likkafa kamar mai leƙen katanga,
iskar filin duka ya tare da ƙirjin dokinshi.
Zagayen farko Maradi kaf na kiran sunanshi.
A na biyu, duba yadda taku ya gajarce,
nan akawal ya fara roƙon numfashi.

Nomau kuwa ɗan gindin shinge ne.
Ya ce hanyar ciki ita ce gajera,
ya manne wa ƙarfe har gwiwarshi ta kwaso tsatsa.
Gajera ce, ban musa ba,
amma ɗaki ne mai ƙofa guda.
Yau Miko ya mutu a gabanshi,
bidin Tibiri ya rufe mashi dama,
ya zauna da doki cike da gudu
babu wurin zuba shi.

Arzika tsohon hannu, likkafa doguwa,
bulalarshi ado ce, da dunduniya yake magana.
Ya laɓe bayan na biyu, wutsiya na share mashi fuska,
ya bar wasu su fasa mashi iska,
yana ƙirga turaku, yana jiran kwanar ƙarshe.
Shekara goma wannan jiran ke ciyar da gidanshi.

Sai wannan sawun, can waje, shi kaɗai,
kamar na wanda hanya ta ɓace wa.
Na Ɗan Jimo ne, yaron Bagalam,
da bai kai rabin buhun gero nauyi ba.
Da asuba ya iske ni ina ban ruwa,
ya tsuguna ya ce, Baba Gonda, ina ƙasa ta yi laushi?
Shekara ashirin ba mahayin da ya tambaye ni.
Na nuna mashi kwana ta uku,
inda ruwan Alhamis ya tara yashi a gindin shinge,
inda ni ma gunya ya taɓa durƙusawa da ni
na tashi da wannan ƙugun mai faɗa mani zuwan damina.

Da suka iso nan sai ya buɗe waje.
Rumfa ta ɗau ihu, yaro ya zubar da tsere!
Mai dokin ya buga hula da ƙasa.
Shi ko ya lafe a wuyan kili,
gwiwa a haɓa, kamar fara kan zangarniya,
yana taka ƙasa mai tauri,
su suna iyo cikin yashi.

Bai ci ba.
Saura taku ashirin ya waiwaya,
ga wurin nan, inda sawun ya ɗan karkace.
Waiwaye ɗaya, Arzika ya zuro hancin bikili.
Wanda ya iya jira ba ya ganin kyauta ya bar ta a ƙasa.

Ɗazu ya wuce ni, sirdi a ka, ido jawur,
bai ce uffan ba,
ya aje mani goro biyu a bakin randa.
Lahadi mai zuwa zan gaya mashi:
a miƙaƙƙiyar ƙarshe kunnen doki ake kallo,
abin da ke baya, kunnenka ya ishe shi.

An kira magariba a Zariya.
Na ja manjagara kan Miko,
na ja kan Nomau, na ja kan Arzika.
Na yaron na ƙyale tukuna,
ina son in ƙara duba shi da hasken safiya.