Daƙiƙa Arba'in da Ɗaya

Ranar da ruwa ya dawo Garin Malam,
bayan kwana tara famfo na tari,
Inna Zuwaira ta fita tun asuba
da jarka biyu, ta shiga layi.
Da hantsi jiri ya ɗebe ta.
Ta faɗi, zani ya kwance,
ɗankwali ya kama gabansa.

Mutum uku suka tashe ta.
Na huɗun ya ɗaga waya.

Daƙiƙa arba'in da ɗaya.
Kafin azahar ta isa Maraɗi,
kafin la'asar tana Agadas,
ita da ko Mirya ba ta taɓa kwana ba.
Wani ya ɗora mata kiɗa.
Wani ya rubuta: ƙishirwar Damagaram.
Ƙanena na Libiya ya kira cikin dare,
ko sallama babu, ya ce: Ita ce?

Na rufe rumfata a Kasuwar Dole,
na bar fatu a rana, na tafi komisariya.
Ɗan sandan mutumin kirki ne.
Ya ce doka akwai ta a rubuce,
hoton mutum nasa ne kamar rigarsa.
Ya ɗauki biro: Wa kake ƙara?
Na ce wanda ya ɗauka.
Sunansa?
Na ce, to, waɗanda suka tura.
Ya dubi wayarsa,
ya kife ta kan tebur.

Kakana ya gina katangar gidanmu,
ya ba ta tsawo, ya karkata zaure
don ko mai raƙumi kada ya leƙa.
Bai san ido zai koma aljihu ba,
ya je kasuwa, ya je jana'iza,
ya kwana ƙarƙashin matashi.

Ba zan wanke kaina ba.
Bara wani tsoho ya faɗo daga kabu-kabu,
na yi dariya har da hawaye,
na tura wa mutum biyar.
Ban tambayi uban wane ne ba.

Yanzu Inna ba ta fita.
Ɗan ga-ruwa ke kawo mana.
Mun ɓoye mata, jikarta ta faɗa.
Jiya ina miƙa mata buta
ta riƙe hannuna:
Mutari, kai ma ka gani?
Na ce sau ɗaya.
Ta yi shiru har ladan ya gama.
Sannan ta ce: Je ka ce su maido mini.

Na sa takalmi, na fito.
Layinmu duk fuskoki ne masu haske,
kowa ya sunkuya kan tafinsa.
Ban san ƙofar da zan fara bugawa ba.