Huɗu a Ƙasa, Biyu a Goye

A shagon Muhenje, bayan gidan man Opuwo,
motata na kan jak, ƙafa ɗaya a sama
kamar saniyar da nake duba wa kofato.
Kuɗin wata bakwai na ƙulle cikin safata.

Ya mirgino taya uku, ya jingina su da bango.
Ta farko sumul, 'yar birni,
kwalta kaɗai ta sani.
Ta ukun kuwa haƙora gatso-gatso,
ina ganinta zuciyata ta ce: wannan!
Tsoho ya yi dariya har tabarsa ta faɗi.

Ya ce, "Sau nawa kike ganin laka a shekara?
Sati uku, in sama ta yi kirki.
Sauran kwanakin kuka za ta yi ta yi miki a kunne
daga nan har Kamanjab,
ta sha miki mai kamar da gayya,
in ta shiga yashi ta tona wa kanta kabari."

Sai ya dafa ta tsakiyar.
Ba ta da kyan ta farko, ba ta da kwarjinin ta uku.
"Bar kallon fuska. Kawo hannunki."
Ya ɗora tafina a gefenta.
"Dutsen Kaoko ba ya cizon tafin ƙafa,
a haƙarƙari yake sara.
Ninki uku ne a nan. Danna ki ji."
Na danna. Ko gezau.

Bara ta faɗo min a rai.
Gangaren Hoarusib, rana tsaka,
allurar shanu ɗari huɗu a akwatin sanyi,
kututturen mopane ya farke min taya
kamar buhun gari.
Na sa safaya. Kafin yamma ta bi 'yar'uwarta.
Kwana biyu na yi a inuwar mota
ina jin ƙanƙara tana komawa ruwa.
Shanun Uapingena goma sha ɗaya
ba su ga damina ba.
Da na isa, bai ce min kanzil ba.
Nono ma ya ba ni, a ƙwaryarsa ta baƙi,
har yau yana nan tsaye a maƙogwarona.

Muhenje ya lashi yatsa, ya goge wasu lambobi huɗu.
"Mako da shekarar haihuwarta ke nan.
Roba na tsufa ko ba ta taka ƙasa ba,
kar wani ya sayar miki da kwantai da sunan sabo.

"In kin shiga rairayi, sauke mata iska,
bar ta ta baje.
Kin taɓa ganin giwayen kogin nan sun kafe?
Faɗin tafi ne, ba ƙarfi ba.
Mai shiga yashi da ciki a cike
da shebur zai kwana.
In kin hau kwalta ki mayar mata da numfashinta,
kar ki manta, zafi ba ya yafiya."

Na ce shida nake so,
huɗu a ƙasa, biyu a goye.
Na zazzage safa a kan benci.
Muka ƙirga, muka sake ƙirgawa:
biyar, da canjin burodi.

Ya daɗe yana kallon kuɗin.
Ya jawo wani littafi da baƙin mai ya cinye,
ya rubuta sunana ba daidai ba.
"Ta shidan bashi ce.
Ni ba na bin gawa bashi,
don haka ki dawo."

Da asuba na fita ta hanyar Etanga.
Tsakuwa na bugun cikin mota, tas, tas,
akwatin sanyi na ɗaure a kujerar gaba
da bel, kamar mutum.
Sababbin ƙafafuna na wani ɗan guna-guni ƙasa-ƙasa,
na kashe rediyo don in koyi muryarsu,
saboda ranar da za ta sauya.