Kafin Mu Haye Kogin Ider

Ni a ganina aikin bai kai ya kawo ba:
ga mu nan, ga masaukin hunturu can,
kogi ya daskare a tsakani, sumul kamar faranti,
raƙuma bakwai masu tozo biyu na ɗauke da gidanmu.
Na ce, "Mu je mana."

Kakata Dolgorsuren ba ta tanka ba.
Ta zaro sandar ƙarfe,
ta taka ƙanƙarar kamar mai shiga ɗakin majinyaci,
ta huda, ta zura hannu har gwiwa,
ta fito da shi jawur.
"Taƙi uku a gaɓa," in ji ta.
"Gaɓa ba ta cin kowa. Tsakiya fa?"

Sai ta shiga tambayar abin da ban tambaya ba:
wane raƙumi ne ke ɗauke da murhu,
taguwar nan wata nawa ya rage ta haihu,
a ina maɓuɓɓugar ɗumi take kwance
tana cin ƙanƙara ta ƙasa
kamar tsatsa a gindin tukunya.

Rana ta take. Ƙafata na ƙaiƙayi.
Gantulga ya zo bisa babur,
ya tsallake fit, har yana ɗaga mana hula.
Na ce, "Kin gani?"
Ta ce, "Na gani.
Shi da babur ɗinsa ba su kai cinyar raƙumi ba.
Amsarsa daidai ce. Tambayarsa ce ba tamu ba."

Muka kwana a wannan gefen, ina cika ina batsewa.

Da jijjifi, sa'ad da sanyi ya ƙara wa kogi ƙashi,
muka raba kaya gida biyu,
muka ja murhu a kan fatar sa,
muka barbaɗa toka saboda santsi.
Raƙumi ɗaya, sai ya kai, sannan na biye.
A tsakiya ƙanƙarar ta yi nishi sau ɗaya,
dogo, har cikin haƙorana.
Kaka ba ta waiwaya ba. Ta riga ta lissafa da shi.

Yau gadoji nake zanawa a Ulaanbaatar.
In an ajiye mini aiki ana cewa "da sauri",
sai in tsinci hannuna a kan tebur,
babban yatsa da ɗan tsakiya a ware,
suna auna abin da bai fito fili ba tukuna.