Shurin Bokiti

A gidan tsofaffi na Grimsby, hawa na biyu,
tsoho Ackroyd, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a jirgin kamun kifi,
ya ce mini da Turancinsa mai kauri:
"Kai ni bakin teku kafin in shuri bokiti."

Na duba ƙasa. Ga bokitin goge-gogena
dab da ƙafarsa mai kumburi.
Na ɗauke, na kai bayan ƙofa.

Maureen ta yi dariya har da riƙe ciki.
Ta ce, mutuwa yake nufi, yarinya,
haka muke kewaye sunanta cikin raha,
amma kul, kada ki faɗa gaban mai makoki.

Na ce, mu a wajenmu shure-shure ba ya hana mutuwa.
Ya sa na fassara masa har sau biyu.
Ya ce, ashe ku ma kun san da shurin.

Ran Talata muka tura kekensa bakin ruwa.
Iska ta fizge hularsa, ko waiwaye.

Ran Juma'a da asuba ya cika,
ƙafafu a miƙe cikin bargo.
Bokitin na nan bayan ƙofa,
ko ɗigo bai zube ba.