Kilo Ashirin da Uku

A kasuwar Katanguwa na gwada rigar sanyi,
rana tsaka, gumi na bin gadon bayana.
Mai gwanjo ya ce, "Anti, Landan za ki?"
Na ce Duhok.
Ya dube ni kamar na yi atishawa,
ya ƙara ɗari biyar a kan kuɗin.

Mako uku ne kacal.
Mu bakwai: likita, mu nas biyu,
Fasto Habila, da mai gwajin tabarau,
Briskila da ta san yaren yara,
sai Filibus mai riƙe da jakar kuɗi.

Zumuntar mata sun yi mana karo-karo
a cocinmu na Agege,
inda jirgin ƙasa ke yanke wa'azi biyu.
Mama Kande mai ƙosai a gindin gada
ta kwance bakin zaninta,
ta danƙa min kuɗi masu ƙanshin man gyaɗa.
Suna cikin Zabura har yau.
Na kasa kai su wurin 'yan canji.

A danfo, daga Oshodi zuwa Idi-Araba,
nake haddar kalmominsu
a bayan takardar magani.
Spas, na gode.
Av, ruwa.
Kwandasta na faɗa a kan canji,
ni ina ta motsa leɓe kamar mai zazzaɓi,
har na iso kan gurasa.
Wai sunanta nan.
Nan!
Na yi dariya, matar gefena ta gyara jakarta.
Ke nan in yaro ya ce yunwa yake ji,
kunnena zai ji yana nuna min inda yake.

An ce mutanen duwatsu ne,
iyakar ƙasa huɗu ta ratsa tsakar gidansu,
kowa na kiransu da sunan da ya ga dama.
Wannan kam ban nemi taswira ba.
Shekarata goma sha ɗaya a Ikko
ana tambayata, "Bahaushiya, kuma Kirista?"
kamar an ga kifi a kan rimi.

Malam Sabi'u mai shayin ƙofar gidanmu
ya san inda za ni, ya san dalili.
Ya daɗe yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi
kafin ya ce, "Galibinsu masu salla ne fa, Rifkatu."
Na ce na sani.
Ya ce, "To in sun ba ki shayi,
ki shanye kafin ki buɗe baki."
Ya ƙulla min citta da kanumfari a leda,
ya ƙi karɓar ko sisi.
Asabar shida muka yi muna bita,
ba wanda ya faɗa mana wannan.

Jiya na aro sikelin mai shinkafa.
Akwati ya haura da kilo uku.
Na fitar da takalmin coci,
na fitar da atamfa biyu,
na'urar awon jini ta zauna,
yaji ma ya zauna, ba a taɓa shi.
Sai jawabin nan mai shafi tara
da na kwana uku ina rubutawa.
Sikeli bai ko motsa ba da na cire shi,
amma ni na ji a kafaɗata.

Inna ta kira daga Malumfashi.
Ba ta iya faɗin sunan garin ba,
ta ce, "Can ɗin dai, akwai ruwan sha?"
Ta yi addu'a har katinta ya ƙare
a tsakiyar sunana.

An ɗauke wuta.
Janareton maƙwabci ya kama tari.
Rigar sanyin na rataye a ƙusa,
kafaɗun wani ne a cikinta, ban san ko wane ne ba.
Ya Ubangiji, ba a akwati zan kai Ka ba,
Ka riga ni isa da daɗewa.
Ni dai Ka koya min zama a tabarmar mutane.
Jirgi sai Alhamis.
Fasfo na ƙarƙashin matashi,
sauro na kunnena,
ina ta maimaitawa cikin duhu:
spas,
av,
nan.