Hancin Baba a Haraj

Da albashin wata goma sha ɗaya ya taru a hannuna
na ce, "Baba, taso mu je Haraj."
Yana ta rufe masa ido tun bara,
amma shekara talatin ya yi kwance ƙarƙashin motocin Jidda,
har yau baƙin mai bai gama fita daga farcensa ba.

Ya ce, "Ba da dare ba, Barira.
Fitila ƙawar dillali ce,
tana shafa wa tsohuwa hoda.
Mu je da rana, ita ba a ba ta la'ada."

Gwadabe ya tare mu, ɗan unguwarmu ne a Sabil,
bakinsa zuma, hannunsa kan wata fara sol.
"Ta wata likita ce, daga gida sai asibiti."
Baba ya yi dariya:
"Duk motar Haraj ta likita ce."

Ya durƙusa. Gwiwarsa ta yi ƙara.
Ya ɗaga shimfiɗar ƙafa, ya cusa hanci,
ya wuce turaren da aka banka,
ya tarar da abin da ke bayansa.
Ya ja bel ɗin kujera har ƙarshe, ya ce in duba.
Na ga zane ruwan ƙasa, kamar gaɓar tafki da rani.
"Wannan ta yi iyo," in ji shi,
"shekarar da ruwa ya cika ƙarƙashin gada."

Ta biyu ya dafa goshinta, ya janye hannu.
"Wa ya ɗumama ta kafin mu iso?
Injin da ke tsoron a tashe shi da sanyi
yana da abin ɓoyo."
Mita ta ce dubu sittin.
Ya shafa robar birki, ta suɗe kamar dutsen niƙa.
"Lamba ana juya ta.
Tafin ƙafa bai iya ƙarya ba."

Can gefe akwai wata, rana ta cinye fentinta,
ƙofar baya da tabo.
Ko kallon ta ban so yi ba.
Ya ce a tayar. Ya sunkuyar da kai,
ya daɗe, kamar mai sauraren huɗuba daga sahun ƙarshe.
"Karanta min shekarar taya."
Na karanta.
"Kwaltar Makka ba ta tausayin tsohuwar roba.
A rage mana kuɗin huɗu.
Gwaji kuma a garejin da muka zaɓa,
ba wanda Gwadabe ke shan shayi ba."

A gidan mai na miƙa hannu ga jan famfo,
don na ji an ce ya fi.
"Me murfin tanki ya ce?"
"Kore."
"To ba ta kore.
Ja ba ya mai da jaki doki,
aljihu kawai yake ramarwa.
Sauke wayar nan daga gaban gilashi,
kafin batirinta ya tashi kamar fanke."

Mun kusa gida ya yi shiru.
Sai ya ce, ba tare da ya juyo ba:
"Na taɓa busar da wata, na banka mata turare,
na sayar wa wani malamin makaranta.
Ya yi min addu'a, Barira. Har da hawaye.
Na neme shi daga baya, ya bar gari.
Tun ranar warin bai bar ni ba."

Ban ce komai ba. Na kunna sigina.
Ya ɗora tafinsa kan allon gaba,
yana jin bugun injin,
ya ce, "Sassauta ƙafa.
Man da kika ƙona wajen rige wancan
a jar danja za ki same shi yana jiranki."